Cok mai makulli ko na hannu, wanne zaka ɗaura a injin huda katako?

'Yan uwa masu sana'ar katako, maganar cok ɗinnan, wato kan da yake riƙe bit, ƙarfen da yake huda ramin, a injin huda, mutane da yawa basu ɗauke ta da muhimmanci ba sai ranar da bit ya fara zamewa a tsakiyar aiki ko kuma ya cije ya ƙi fita. Iri biyu ne aka fi sani, akwai mai makulli da ake zura makulli a gefe a murɗa, akwai kuma wanda hannu kawai ake sa masa. Dukansu haƙora uku ne a ciki suke haɗuwa su damƙe bit, bambancin yana wajen yadda ake matse haƙoran. Ni abinda nake faɗa kullum shine kafin ka zaɓa, ka fara duba bit mafi girma da kake amfani da shi, shi zai raba maka gardama.

Mai makulli shine tsohon hannu. Wani ɗan Amurka Arthur Jacobs ne ya samu lasisin ƙirƙirarsa a 1902, shi yasa har yau sunan Jacobs ya bi wannan samfurin. Makullin ƙaramin giya ne, idan ka murɗa shi yana juya zoben waje da ƙarfin da tafin hannu kaɗai bazai iya ba, kuma abinda ka matse haka zai tsaya, ko inji ya juya gaba ko baya. Yadda nake matse nawa, ramuka uku ne a jikinsa, ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina ƙara matsewa, zaka ji a rami na biyu makullin ya ƙara tafiya kaɗan, wannan ɗan kaɗan ɗin shine yake hana bit zamewa ya gurje gindinsa. Kar ka sa bututu a makulli don ƙarin ƙarfi, kar ka buga da guduma, haƙoran giyan zaka cinye. Sannan don Allah a cire makulli kafin a kunna inji, wallahi idan ya tashi da makulli a jiki jifa yake yi da shi kamar an harba, kuma daidai fuska ko ƙirji injin tsaye yake. Akwai makulli mai sifirin a baki wanda da ka saki hannu yake turo kansa waje, in ka samu irinsa ka saya, in ba haka ba ka manna maganaɗisu a jikin injin ya zama mazauninsa.

Na hannu kuma ya kasu biyu, anan ne mutane suke rikicewa. Wanda yake kan ƙananan injinan huda masu batir daban, shi murɗawa kake yi har kaji ƙas ƙas ya kulle, yana jure juyin baya tunda da shi ake kwance sukuru. Wanda ake ɗaurawa a injin tsaye, irin na kamfanin Albrecht ko Röhm na Jamus da masu kwaikwayonsu, shi mai matse kansa ne, wato iya nauyin da katako ya ɗora wa bit iya ƙarfin da zai ƙara damƙa. Kaga a ƙananan bit abin daɗi ne, ka murɗa da yatsu ka huda ka kwance ka sa wani, idan aikinka irin na ramin share fage ne sai na sukuru sai na ɓoye kan sukuru, bit uku a kowane wuri, gaskiya lokacin da zai rage maka ba kaɗan bane. Masu kyau a cikinsu ma sun fi yawancin masu makulli daidaita bit a tsakiya, karkarwa kaɗan ce.

To amma wannan halin nasa na matse kai shine matsalarsa. Ka ɗaura masa zarto mai zagaye na yanke babban rami, ko bit ɗin Forstner, wato mai huda faffaɗan rami, na milimita 50 a katako mai tauri, duk cizon da bit yayi ƙara ɗaure kansa yake, ka gama aiki ka zo kwancewa hannu ya kasa. Na taɓa shafe kusan rabin awa da sifana mai bel kafin wani cok irin wannan ya saki, kuma in aka kama shi da sifanar famfo mai haƙora to an ɓata jikinsa kenan. Na biyu, juyin baya kwance shi yake, bit sai ya faɗo, saboda haka injin da kake sa wa ribas bai dace da shi ba sai dai samfurin da yake da zoben kullewa. Na uku ya fi mai makulli tsawo, zai cinye maka tazarar da ke tsakanin bit da tebur, a ƙaramin injin kan benci wannan abin dubawa ne sosai.

A injin gurza katako, wajen da ake sa cok a gindin baya don huda tsakiyar abu, dukansu suna yi, amma ramukan can yawanci manya ne masu zurfi, ni mai makulli nake sawa. Kuma lokacin janyo bit baya ka riƙe cok ɗin da hannu ɗaya don yana iya zarewa daga mazauninsa ya bi katakon yana juyawa. Injin yanka ramin kusurwa huɗu na haɗin ƙofa da kujera kuwa babu zaɓi, cok ɗinsa a cikin kai yake a matse, dogon makulli ake zurawa ta taga.

Yanzu wajen saye. Abu na farko girman baki, akwai milimita 10, 13 da 16, amma ka duba ƙaramar lambar ma, wani mai 16 ɗin baya rufewa ƙasa da milimita 3, kaga siririn bit bazai kamu ba. Na biyu mazauni, wannan shine wanda yafi sa mutane asara. Bayan cok akwai rami mai tsukewa, za'a rubuta JT33 ko JT6 ko B16 ko B18 a jikinsa, dole ya dace da sandar da zai hau, ɗaya ƙarshen sandar kuma shine yake shiga inji, galibi lambar girmansa MT2 ce a matsakaitan injina. JT33 da B16 a ido kamar ɗaya suke amma basa zama a juna, in ka tilasta zai riƙa rawa yana faɗowa. Ka karanta rubutun jikin tsohon kafin ka fita. Na injin hannu zare ne irin na sukuru, yawanci lambar girmansa 1/2-20, kuma akwai sukuru a can cikin bakin mai zaren hagu, shi ta dama ake kwance shi.

Ɗaurawa ba wuya. Ka goge ramin da sandar tas, babu mai babu gris babu ƙurar katako, a bushe suke kama juna. Ka buɗe cok har haƙoran su shige ciki gaba ɗaya, ka tura shi, ka ajiye guntun katako a tebur ka sauko da hannun inji ka danna da ƙarfi. Bayan nan ka sa miƙaƙƙen ƙarfe ko sabon bit ka kunna a ƙaramin gudu ka kalli bakin, in yana kaɗawa ka cire ka sake gogewa kafin ka zargi cok ɗin, sau da yawa ɗan datti ne ya maƙale.

Wanda injinsa yake da MT2 ma yana iya mallakar biyun, kowanne da sandarsa, na hannu ya zauna a kai don aikin yau da kullum har zuwa bit na milimita 13, ranar babban rami ka zura ƙarfen cirewa a tsagar da ke gefen wajen da sandar take shiga inji, ka ɗan buga, ka tare da hannu kar ya faɗi ƙasa, ka sa mai makullin, minti ɗaya bai cika ba.