Yadda za ka sa sunanka ya fito daidai a commit na Git

Abin yana ba ni haushi in ga mutum ya kwana yana rubuta code, amma da ka buɗe git log, wato jerin commit (canje-canjen da aka adana a aikin), sai ka ga sunan wani ne a jiki. Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen code, ba ya tambayarka kai waye, abin da aka saita masa shi yake mannawa kawai, to in kwamfutar ofis ce ko ta abokinka ka ara, shi kenan aikinka ya tafi da sunansa.

Fara da duba abin da ke ciki:

git config user.name
git config user.email

In ba naka ba ne ka gyara:

git config --global user.name "Sunanka"
git config --global user.email "imel ɗinka"

Wannan --global ɗin zai shafi duk aikin da ake yi da wannan account ɗin a kwamfutar, saboda haka in ba taka ba ce don Allah kar ka ɓata wa mai ita saiti, shiga folda ta aikin ka rubuta umarnin ba tare da --global ba, sai ya tsaya a nan kaɗai. Kuma ka kula da imel ɗin sosai, don GitHub, shafin da ake ɗora ayyukan Git, da imel yake gane commit naka ne, suna bai dame shi ba, in ka sa wanda ba ka haɗa da account ɗinka ba aikin ba zai fito a shafinka ba.

In kuma ka riga ka yi commit ɗin, kuma shi ne na ƙarshe, bayan ka gyara saitin sai ka rubuta:

git commit --amend --reset-author --no-edit

Amma in wani ne ya rubuta ya turo maka kai ka shigar, ba shi haƙƙinsa:

git commit --amend --author="Sunansa <imel ɗinsa>" --no-edit

Git dama yana ajiye suna biyu, author wato wanda ya rubuta, da committer wanda ya shigar, kai za ka zauna a na biyun.

Sai dai fa --amend yana canja hash ɗin commit ɗin, wato lambar da ake gane shi da ita, gaba ɗaya. In ka riga ka yi push, wato ka tura shi GitHub, sai ka sake turawa da git push --force-with-lease, kuma ka fara sanar da abokan aikinka kafin ka yi, in ba haka ba za ka hargitsa musu tarihin commit. Tsofaffin commit masu yawa kuwa ni dai ba na taɓa su, fayil ɗin .mailmap nake ƙirƙira in haɗa tsohon imel da sabon suna, git shortlog sai ya riƙa nuna sunan da ya dace.