Yadda Ake Gane Littafin Girke-girken da Ya Cancanci a Saya

Yawancin littattafan girke-girke da ake saya wa amare a Bauchi suna ƙarewa ne a ƙasan akwati, domin an zaɓe su saboda kyan bango da hotuna, ba a tsaya an duba ko za su girku a madafin mai su ba. Matakan da ke biye za su taimaka wa uwargida ta tantance littafi tun tana tsaye a shago, kafin kuɗinta ya bar hannunta.

Da farko, ki buɗe littafin a kan girkin da kika riga kika ƙware a kansa, ki bar baƙin girke-girke tukuna. Ga 'yar Bauchi, babu ma'aunin da ya fi masa, wato wainar shinkafa. Ki karanta bayaninta daga farko har ƙarshe, ki ga ko marubuciyar ta ce shinkafar tuwo za a jiƙa, ko ta faɗi tsawon lokacin jiƙon, ko kuma ta ambaci dafa ɗan kaso na shinkafar a haɗa da jiƙaƙƙiyar kafin a kai niƙa. Daga nan ki duba abin da ta ce game da tashin ƙullu. Wadda ta taɓa tsayawa a gaban tanda ta san cewa ƙullun da ya tashi cikin 'yan sa'o'i a zafin watan Afrilu yana iya kwana bai gama tashi ba a sanyin hunturu, saboda haka za ta kwatanta alamar tashinsa, wato kumfa da ƙaruwar yawansa da ɗan ƙanshin tsami, kuma za ta faɗi yadda ake kashe tsamin da ruwan kanwa idan ya wuce kima. Idan kika tarar an ce kawai a bar shi ya tashi sannan a soya, to, wadda ta yi sakaci da abin da kika sani ba za ki amince mata a kan abin da ba ki sani ba.

Mataki na biyu shi ne awo, kuma a nan ne littattafai da dama suke faɗuwa. "Gishiri daidai misali" magana ce da uwa take faɗa wa 'yarta suna tare a gindin murhu, tana kallon hannunta. A kan takarda kuwa ba ta koyar da kowa komai. Mudu ma ba ɗaya ba ne daga gari zuwa gari, don haka littafi mai kyau yakan bayyana tun a shafukan farko abin da yake nufi da kofi, da gwangwani, da cokali. A littattafan Amurka kofi yana ɗaukar kusan mililita 240, babban cokali 15, ƙaramin cokali 5, gwangwanin madarar ruwa da muka saba awo da shi kuwa bai kai kofin ba. Miya tana yafe irin wannan bambanci, amma kek da biredi ba sa yafewa. Haka nan, littafin Amurka zai ce a gasa a zafin 350 na ma'aunin Faranhait, alhali abin gashin da ke gidanki yana iya zama mai ma'aunin Salshiyos, inda wannan zafi yake daidai da kusan 180.

Na uku, ki ɗauki girki uku ko huɗu, ki karanta kayan haɗinsu, ki tambayi kanki ko za ki same su idan kika shiga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti. Kabewa da yakuwa da tattasai da daddawa ba su da wuyar samu, amma littafin da kowane shafinsa yake neman cukun Italiya ko wani ganyen da sai an aika Abuja zai zama abin kallo ne kawai, sai fa idan ya faɗi abin da za a sa a madadinsu. Littattafan ƙasashen waje kuma sukan sa giya ko naman alade a girki, wani lokaci da sunan da ba za a gane nan take ba, saboda haka a duba da kyau. A nan ne kuma za ki lura da kayan aikin da ake bukata: idan rabin girke-girken sun dogara da na'urorin lantarki, ke kuwa da gas da gawayi kike aiki, kin sayi rabin littafi ne da cikakken kuɗi.

Na huɗu, ki bi girki ɗaya da yatsa, kina haɗa jerin kayan haɗi da bayanin aikin. Na taɓa sayen wani littafi da ya lissafa yis a cikin kayan alkubus, amma har aka kai ga turarawa bai faɗi inda za a zuba shi ba. Ni da na saba na gane gyaran, ƙanwata da ta ara kuwa ta sauke abin da ko wuƙa da ƙyar take shigarsa. Ki duba kuma ko an faɗi yawan mutanen da girkin zai ciyar, da ƙarfin wutar da ake so a kowane mataki.

Sai jikin littafin kansa. Bugun jabu yakan zo da rubutu dishi-dishi, har rabin cokali ya yi kama da cokali biyu, kuma ɗinkinsa ba ya jure buɗewa. Ki shimfiɗa shi a kan tebur ki ga ko zai zauna a buɗe, tunda mai hannu cikin ƙullu ba ta da halin riƙe shafi. Ki tabbatar akwai jerin sunayen girke-girke da lambobin shafukansu.

Waɗanda ake tallatawa a WhatsApp da Instagram, a turo wa mutum ta waya bayan ya biya, ba a iya buɗa su kafin saye. A irin wannan hali, ki nemi mai sayarwa ta turo miki cikakken girki ɗaya, ki dafa shi yadda aka rubuta ba tare da kin ƙara ko kin rage komai ba, sannan ki yanke shawarar tura kuɗi bayan mutanen gida sun ci.