Ƙarin ƙoƙon kai da ya dawo: shirin aiki na biyu da jinyar gida

Ƙarin da ake nufi a nan wata jaka ce mai siririn bango. Bangon na ƙwayoyin fata ne, kuma kullum yana zubar da mataccen saɓa zuwa cikin jakar, shi ya sa in an tsaga ta ake ganin wani farin abu mai kauri da ɗan wari. Likitoci suna kiranta efidamoid. In har da gashi da maiƙo a ciki, damoid ke nan. Mafi yawansu ba ciwon daji ba ne. Dalilin dawowarsu kuwa kusan ɗaya ne: an kwashe abin ciki, amma wani yanki na bangon ya rage. Bangon bai fi ɓawon albasa kauri ba, ko ɗan ƙyalle ne ya saura zai ci gaba da zuba har jakar ta sake cika, wani lokaci bayan shekaru.

Barin bangon ba kullum sakaci ba ne. In ya manne da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ko da babbar jijiyar jini, likita yakan bar ɗan yanki da gangan don kada cirewar ta jawo abin da ya fi ƙarin muni. Haka kuma jakar da ta taɓa fashewa ko ta yi ruwa, bangonta kan narke ya haɗe da naman gefe, ya yi wuyar fita ɗungurungum.

A fara da sanin inda yake

Ku ɗora yatsa a kan kumburin ku motsa shi a hankali. Wanda ke cikin fatar kai yana zamewa tare da fatar, kuma sau da yawa ƙaramin aiki ne da allurar kashe wuri. Wanda ke cikin ƙashin ƙoƙon kai ba ya motsi, wani lokaci ma za ku ji bakin ƙashi ya zagaye shi. Akwai kuma wanda ke can ciki, ba a ganinsa daga waje, sai ciwon kai, jiri, raguwar ji ko farfaɗiya su tona shi. A jarirai yakan fito a kan maɗiga ko a wutsiyar gira. Na kan maɗigar nan likitoci biyu na Ibadan, Adeloye da Odeku, sun yi bayaninsa a yaran Nijeriya tun 1971.

Duk kumburin da ba ya motsi, ko yake tsakiyar kai, ko yake tasowa in an yi tari ko yaro ya yi kuka, kada a bari wanzami ya yi masa sakiya ko ƙaho, kada kuma a matse shi a kemis. Ba a san zurfinsa ba. Tsagar da aka yi a makance tana iya kai ƙwayoyin cuta har ƙwaƙwalwa, kuma ita ce ke lalata bangon ta sa aikin gaba ya yi wuya.

A Zariya, irin wannan aikin na sashen tiyatar ƙwaƙwalwa ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, gaba da Samaru. In a wani asibitin ake ganin mara lafiyar, a nemi takardar turawa. Za a buƙaci hoto iri biyu, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya: CT shi ke nuna yadda ƙarin ya ci ƙashi, MRI kuwa shi ke nuna jakar kanta da abin da ta jingina da shi. Iyalai da yawa suna jin nauyin biyan na biyun, amma shi ne ke gaya wa likita inda zai bi.

Takardun aikin farko sun fi komai muhimmanci a wannan mataki. A nemo tsofaffin hotuna, takardar sallama, bayanin aikin, da sakamakon gwajin tsokar da aka cire. In ba a taɓa kai tsokar gwaji ba, a faɗa wa likita haka. A haɗa su a fayil guda, a ɗauki hoton kowace da waya.

Ranar ganin likita a tafi da tambayoyi a rubuce. Za a iya cire bangon gaba ɗaya, ko akwai inda za a bari? Za a buɗe fatar ƙwaƙwalwa? In an cire ƙashi, da me za a toshe gurbin, ragar ƙarfen titaniyam ko simintin ƙashi, kuma wa zai sayo? Leda nawa ta jini za a tanada? Amsoshin nan su ne ke nuna girman aikin da nauyin aljihu. Mai inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jihar Kaduna (KADCHMA) ya bincika tun da wuri abin da ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba, musamman ragar da hotunan. Likita zai kuma gaya muku cewa aiki na biyu ya fi na farko wuya, domin tabo ya haɗe fata da ƙashi, jini kuma ba ya gudana a wurin kamar da. Gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ɗinkin ke buƙatar ƙarin kulawa.

Makon da ya rage

Za a yi gwajin yawan jini, rukunin jini, aikin ƙoda, sukari, da na zuciya ga manya. Masu ba da jini su je kwana biyu ko uku kafin ranar, ba da safiyar aikin ba. Mai bayarwa ya kai shekara 18, nauyinsa kuma ya kai kilo 50.

A zube wa likitan da zai sa barcin aiki duk abin da mara lafiya ke sha, har da jiƙe-jiƙe, tsimi da maganin Islamik kemis. Asfirin da magungunan tsinka jini kan sa zubar jini, ana dakatar da su kwanaki kafin aiki, sau da yawa mako guda, amma likita ne zai yanke, domin akwai mai ciwon zuciyar da dakatarwar za ta cutar. Dikilofenak da ibufurofen su ma a ajiye su. Maganin farfaɗiya kuwa ba a tsallake shi ko sau ɗaya. Na hawan jini da na sukari a tambaya takamaimai wanne za a sha da safiyar aiki. Mai shan sigari ya daina tun yanzu, hayaƙi yana hana ɗinki kamawa.

Mata su tsefe kitso, a cire ƙarin gashi, a wanke kai da sabulu a daren jajibiri, kada a shafa mai. Kada a aske kan da reza a gida ko wurin mai aski. Ƙananan yankan da ido ba ya gani su ne ƙofar ƙwayoyin cuta. A asibiti za a rage gashin inda ake buƙata. In kumburin ya yi ja, ya yi zafi ko yana fitar da mugunya, a sanar, domin yawanci sai an kashe ruwan kafin a yi aikin.

Ƙa'idar da aka saba ita ce a daina abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, ko da yake ɗakuna da yawa suna cewa daga sha biyun dare kada a sa komai a baki. A bi abin da nas ta faɗa. Kunu, koko, shayi da madara duk abinci ne. Mai jinyar da tausayi ya sa ya ba da kofin koko da asuba, ya jawo a ɗage aikin, domin abin da ke ciki yana iya komawa huhu in an sa barci.

Bayan an fito

Kafin komai ya lafa, mutum ɗaya ya tabbatar tsokar da aka cire ta isa ɗakin gwaji a cikin kwalbar ruwan fomalin, da sunan mara lafiya a jiki, ya kuma riƙe rasit. Nan ne ake yawan sakaci, kowa ya tafi murna, kwalba ta kwana a jaka ko ta ɓata.

Za ku ga mara lafiyar da bandeji a kai, wataƙila da siririn bututun da ke janye jini, wanda akan cire bayan kwana ɗaya ko biyu. Nas za ta riƙa tada shi tana haska idonsa, tana tambayar sunansa, tana sa ya matse hannunta. Kada ku ce a bar shi ya huta. Da wannan ake gane jini na taruwa a ciki. A ɗaga kan gado kamar digiri 30. Fuska da fatar ido kan kumbura, ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, sannan ya sauka da kansa. In yankan ya bi ta gefen kunne, tauna za ta yi zafi na ɗan lokaci, sai a ba da fate, kunu da abinci mai laushi. Da zarar an ba da izini ya tashi ya taka, kwanciya ba motsi tana daskarar da jini a ƙafa.

Masu dubiya a taƙaita su, mai mura kuma ya gaishe ta waya.

Jinyar gida

Ɗinkin ya zauna a bushe. Wanka daga wuya zuwa ƙasa, har sai likita ya ce a jiƙa kai. Mai canja bandeji ya wanke hannu da sabulu, ya sa safar hannu, ya goge da ruwan gishirin asibiti daga kan ɗinkin zuwa waje, kowane goge da sabon ƙyallen gozi. Kada a barbaɗa garin kafso, kada a shafa zuma, man zafi, man kaɗanya, toka ko lalle. Garin kafso yana yin ɓawo ya rufe mugunya a ƙasa, sai a ɗauka an warke alhali ciki yana ruɓewa. Ɓawon da ya fito da kansa kada a ɓanɓare shi. Zare ko ƙarafunan ɗinki akan cire su tsakanin kwana 7 zuwa 10, amma a aiki na biyu likita kan bar su har kwana 14. A asibiti za a cire.

Hula mai matsewa da ɗaurin ɗankwali mai ƙarfi su dakata. Mayafin auduga mai tsabta da aka yafa sakwa-sakwa ya isa ya tare ƙurar hunturu da rana. Kitso, rini da man sassauta gashi sai bayan makonni, da izinin likita. Fatar gefen tabon za ta yi dindiris ko ƙaiƙayi na watanni, kuma gashi ba ya tsirowa a kan layin tabon kansa.

Ga ciwon kai, babba zai iya shan farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini, a kuma duba magungunan mura domin da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Tiramadol da kodin suna ɗaure ciki, tiramadol ma yana iya tada farfaɗiya, don haka ba a sayo su da ka. Yunƙurin bayan gida yana ƙara matsi a cikin kai. A yawaita ruwa, gwanda, lemo, miyar kuɓewa da zogale. Ƙwai, kifi, wake da nama suna gina ɗinki, zancen cewa suna sa miki ya yi ruwa ba shi da tushe.

Sunkuyar da kai ƙasa yana sa wurin ya yi bugu, saboda haka makonnin farko ya yi salla a zaune da nuni, ya yi shafa a kan bandeji wajen alwala ko ya yi taimama. Addini ya ba mara lafiya wannan sauƙin. In aikin ya faɗo kusa da azumi, a tambayi likita, musamman mai shan maganin farfaɗiya a kan lokaci. Ɗaukar kaya a ka, jan ruwa a rijiya, daka da noma su jira aƙalla mako 6. Hawa acaɓa haɗari ne ga kan da aka buɗe ƙashinsa, a nemi mota ko Keke, a bi a hankali. Wanda ya taɓa faɗuwa da farfaɗiya ba ya tuƙi sai likita ya sake shi.

Mai jinya ya sayi ma'aunin zafin jiki, ya auna safe da yamma ya rubuta. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan filo, ya duba kowace safiya. Ɗan jini-jini a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma tabo mai faɗi na ruwa garai, ko ɗigon jini a tsakiya da zoben ruwa mai haske ya kewaye shi, yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa ne ke yoyo. Haka in ruwa na ɗiga daga hanci ko kunne in ya sunkuya, ko yana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro, ko wani kumburi mai laushi ya taso ƙarƙashin ɗinkin yana ƙaruwa da tari. Inda ruwa ya fita, nan cuta za ta shiga. Kada a toshe da auduga, a koma asibiti a ranar.

A tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne in zafin jiki ya kai digiri 38, ko wuya ya sanƙare haske na damunsa, ko ciwon kai na ƙaruwa da amai, ko barci ya yi nauyi har tada shi na wuya, ko magana ta karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, ko ya yi jijjiga, ko ɗinki ya buɗe yana mugunya. Zazzaɓin bayan aikin kai kada a yanke masa hukuncin maleriya a kemis. Abin cikin jakar nan in ya zuba kusa da ƙwaƙwalwa yana kawo wani irin sanƙarau ko babu ƙwayar cuta, kuma sai da gwaji ake bambance shi da mai ƙwayar cutar, maganinsu ma daban ne. In jijjiga ta zo a gida, a kwantar da shi a gefe guda, a kare kansa, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu, a duba agogo. In ta tsaya a kai shi asibiti, in kuwa ta kai minti 5 ko ta maimaita, a ɗauke shi nan take ba tare da jiran ta tsaya ba.

Bibiya

A karɓo sakamakon gwajin tsoka a kai wa likita a zuwan farko, shi ne zai tabbatar da irin ƙarin. A tambaye shi kai tsaye ko bango ya rage, a rubuta amsar a fayil. Akan yi MRI bayan 'yan watanni don ya zama ma'auni, sannan a riƙa maimaitawa a tsakanin da likita ya tsara, ko da mutum yana jin garau, domin wannan ƙarin a hankali yake girma. Ragar titaniyam ba ta hana shiga na'urar MRI, amma a sanar da mai ɗaukar hoton. Kowane sabon hoto a tafi da shi tare da tsofaffin, da kwatanta su ne ake gane ko ragowar tana nan yadda take ko ta fara cika.