Yadda Ake Koyon Mirgina Jirgin Sama Na Rimot Cikin Santsi

Ranar da na fara gwada mirgina jirgina, yana kwantawa rigingine sai hankalina ya tashi, na ja sandar dama ta rimot zuwa jikina. A tafiyar yau da kullum wannan ja ɗaga hanci yake yi, amma jirgin da ke rigingine ƙasa yake nufa da shi. Farfela ta karye, hanci ya lotse. Shi ya sa nake roƙonka ka bi abin daki-daki.

Faifai uku ne ke wannan aiki. Akwai elaron, ƙananan faifan da ke bayan fikafikai, su ke mirgina jirgi. Akwai elibeta a jela, mai ɗaga hanci ko sauke shi. Sai rudda, faifan jela na tsaye, mai karkata hanci hagu ko dama. A rimot mai tsarin Mode 2, sandar dama ce ke riƙe da elaron da elibeta, ta hagu kuma totur da rudda.

Ka fara da gyara jirgin. Idan ka saki sanduna, ya kamata ya miƙe sosai ba ya rinjaya gefe. Jirgin koyo mai fiffike a sama, wanda ƙasan fiffikensa shimfiɗaɗɗe ne, yana mirginawa, sai dai da nawa, yana lilo kamar ganga. Wanda saman fiffikensa da ƙasansa suke da lanƙwasa iri ɗaya ya fi biyayya. In rimot ɗinka na da ekspo, wato saitin da ke rage kaifin sanda a kusa da tsakiya, sa kashi 20 zuwa 30 a elaron don tsakiyar sanda ta yi laushi. Ka yi atisaye a kwamfuta da manhajar kwaikwayon tuƙi irin RealFlight ko PicaSim tukuna. Faɗuwa a can ba ta cin kuɗi.

A fili, ka zaɓi safiya kafin iska ta taso, nesa da mutane da filin jirgin sama. Hau sama sosai, yadda ko ka yi kuskure sau uku a jere akwai sauran tazara. Fuskanci iska, ba shi totur kusan duka, fikafikai a daidaice. Ɗaga hanci kaɗan, kamar digiri 15.

Yanzu ga wurin da yawancin masu koyo ke ɓata rawarsu da tsalle: ka saki elibeta ta koma tsakiya kafin ka taɓa elaron. In ka haɗa su, jirgin zai yi zagaye kamar maciji a sanda, ya fita da hanci ƙasa a wata alƙibla daban. Babban yatsa yana da halin jawo sanda a karkace ba da saninka ba, don haka ka lura da shi. Tura sanda dama kai tsaye har ƙarshe, ka riƙe, kada ka yi shakka a tsakiya. Dab da fikafikai su daidaita ka saki. Hanci zai ɗan sunkuya, sai ka ɗago shi a hankali.

Idan wannan ya zauna a hannunka, ƙara abu ɗaya: daidai lokacin da ya kwanta rigingine, ɗan tura elibeta gaba, taɓawa kawai, ka saki. In kullum sai ka tura da yawa kafin hanci ya tsaya, nauyi ya yi yawa a gaba. Matsar da batir baya kaɗan-kaɗan ka sake gwadawa.

Rudda ce ta ƙarshe, kuma ita ke kawo mirginawa a hankali wadda ta fi burge ni. In kana mirginawa dama, sa'ad da fiffiken dama ya kalli ƙasa ka ba shi rudda ta hagu. A rigingine ka tura elibeta. Sa'ad da fiffiken dama ya kalli sama ka ba shi rudda ta dama. Ka shigar da kowace a hankali, ka janye ta a hankali, ɗaya na fita ɗaya na shiga. Mirginawar hagu kuma sai ka juya tsarin ruddar. Ka riƙa yin ɓangarorin biyu a kowane batir, domin hannu yana saurin sabawa da gefe guda.