Yadda na gyara birkina mai sanyi idan ya ji wuta

Alhamdulillahi, birki ya dawo. Motar da nake shiga go-sulo na unguwar Nima a Accra da ita, ita nake kai wa fili ranar Asabar mu gwada gudu. Zagaye uku kawai, sai fad, wato takalmin birki, ya fara wari, in taka birki, motar ta ƙi tsayawa.

Na fara zargin faifan birki, wanda fad ke matsewa, makanike ya auna, lafiya lau. Sai na sayo fad na tsere zalla a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota. Kuskure! Da safe ba ya kamawa sai ya ɗumama, ga ƙara kamar ana wasa wuƙa.

Makaniken ne ya ce, "Alhaji, duba harufan gefen fad." Harufa biyu ne: na farko yana nuna ƙarfin riƙonsa a sanyi, na biyu a zafi, kuma G ya fi E riƙo. Tsohon nawa EE ne. Muka sa mai haɗin ƙarfe, GG. Muka zubar da man birki DOT 3, muka zuba DOT 4, tunda shi sai digiri 230 yake tafasa, wancan 205.

Sannan na zaunar da fad ɗin: daga gudun kilomita 100 a awa in taka birki in sauko 20, sau takwas, ban tsaya cak ba, na ci gaba da tafiya minti goma ya huce. Ƙura dai tana baƙanta wili, wannan na haƙura.