Yadda ake shirya hoto da bidiyon talla tun daga zaman farko har miƙa aiki

Tallan da ke wucewa a fuskar waya cikin daƙiƙa 30 yakan ci kwanaki ana shirinsa, kuma lokacin da kyamara take a kunne shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kwanakin. Sabon shiga yakan zuba hankalinsa kacokan a kan kyamara, alhali abin da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo yana kan takarda, da wajen saita fitilu, da gaban kwamfuta bayan kowa ya watse. Ranar ɗauka, abin da aka riga aka yanke ake aiwatarwa. Duk tambayar da aka bari sai ranar, za a amsa ta ne a gaggauce, ma'aikata na tsaye suna jira. Bari mu riƙe misali guda har ƙarshe: kamfani na son hotuna da gajeren bidiyo na kwalbar turare.

Mataki na farko: zama da mai kaya

Kafin a yi maganar kayan aiki, ka tambayi mai kaya wa yake so ya sayi turaren, da kuma inda za a sa tallan. Tambaya ta biyu ita ce ke tsara komai. Talabijin da YouTube suna son hoto a kwance, 16:9. TikTok da gajerun bidiyon Instagram suna son shi a tsaye, 9:16. In ka ɗauka a kwance sannan aka ce a yanko na tsaye, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton kawai zai rage, sauran ya tafi. To in an san ana buƙatar duka biyun, ko dai a ɗauki kowanne daban, ko a ɗauka da 4K, wato 3840 da 2160, a ajiye kwalbar a tsakiya da fili a gefe, don abin da za a yanko ya ishi 1080 da 1920 ba tare da ya dusashe ba.

Daga nan sai a rubuta yarjejeniya. Hotuna nawa, bidiyo mai tsawon nawa, sau nawa mai kaya zai iya neman gyara kafin a shiga sabon lissafi, a ina zai yi amfani da aikin kuma har tsawon wane lokaci. Batun yawan gyaran nan shi ya fi haddasa saɓani, don in ba a ƙayyade shi ba, aikin mako guda sai ya koma na wata uku. Duk wanda fuskarsa ko muryarsa za ta fito, ko da hannunsa ne kawai riƙe da kwalba, ya sa hannu a takardar amincewa. Yaro kuwa sai iyayensa ko waliyyinsa.

Mataki na biyu: zuba tallan a takarda

Shirin zaune ya fi na tsaye. Ka zana tallan gida-gida, kowane gida na nuna abin da ido zai gani: nan kwalba ce ita kaɗai cikin duhu, nan yatsa na danna kai, nan feshi na tashi. Ba sai ka iya zane ba, da'ira da sanda sun isa, muddin mai kaya zai duba ya ce haka nake nufi. Daga zanen ake fitar da jerin ɗauka, kowace da lambarta, da irin gilashin da za a ɗaura wa kyamara, da motsin da za ta yi.

A nan akwai dabarar da ke ceton awanni. Ba a bin tsarin labari wajen ɗauka, tsarin haske ake bi. Duk ɗaukar da ke buƙatar saitin fitilu iri ɗaya a haɗa su wuri guda, ko da ɗaya ta farkon talla ce ɗaya ta ƙarshe, domin sauke fitilu da sake kafa su shi ke cinye yini. Sai takardar kira, wadda ake aika wa kowa tun jajiberi: wuri, lokacin isowar kowane mutum, abin da zai zo da shi, lokacin hutu, da asibiti mafi kusa.

Mataki na uku: duba lokeshin

In ba a situdiyo za a yi ba, ka je wurin da ƙafarka, kuma a daidai lokacin da za a yi ɗaukar, don tagar da ke ba da haske mai laushi da safe tana iya zubo rana mai ƙuna da yamma. Ka tsaya shiru ka saurara: firji, na'urar sanyaya ɗaki, titi, ginin da ake yi a maƙwabta. Ka ƙirga soket, ka tambayi nauyin da layin wutar zai iya ɗauka. Izinin mai wuri ya zama a rubuce. A daren jajiberi a caza batura, a goge katunan ajiya a cikin kyamarar da za ta yi aiki da su, a daidaita agogon kyamarori.

Mataki na huɗu: haske

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a fi daɗewa. Tsarin da aka saba farawa da shi fitilu uku ne: babba daga gefe guda wadda ke zana siffa, ƙarama ko farin allo daga ɗaya gefen don rage duhun inuwa, da ta baya wadda ke raba abu da bango. Amma ka kunna su ɗaya bayan ɗaya. In ka kunna duka lokaci guda ba za ka san wacce ke yin me ba.

Abu biyu ne ke mulkin haske. Na farko girman tushensa a idon abin da ake haskawa: fitila ƙarama tsirara tana ba da inuwa mai kaifi, in aka sa mata farin yadi mai faɗi a gaba aka matso da ita sai inuwar ta yi laushi. Na biyu nisa. In ka ninka tazarar fitila sau biyu, hasken da ke isa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Shi ya sa matsar da fitila taku ɗaya kan canza hoto fiye da taɓa kowane maɓalli a kyamara. Sai launi: hasken rana yana wajen 5600 a ma'aunin Kelbin, tsohon ƙwan fitila mai zare wajen 3200, mai ja-ja. In suka gauraya, gefen fuska ɗaya zai yi shuɗi ɗaya ya yi ruwan lemo, kuma gyaran wannan a kwamfuta wahala ne. Ka kashe fitilun ɗakin, ko ka rufe tagar, ka zaɓi ɗaya.

Kwalbar turarenmu tana da nata hali. Gilashi madubi ne, in ka haska shi kai tsaye abin da za ka samu shi ne hoton fitilarka a jikinsa, har da kai da ƙafafun kyamara. Don haka ba kwalbar ake haskawa ba, abin da ke kewaye da ita ake haskawa. Hanya ɗaya ita ce a sa farin bango mai haske a bayanta, ruwan turaren ya ɗauki hasken ya yi kamar yana ci daga ciki, sannan a tsayar da baƙaƙen kwalaye biyu dama da hagu, a wajen abin da kyamara ke gani. Kana matso da su a hankali za ka ga siririn baƙin layi yana bayyana a gefen kwalbar, yana fito da kafaɗarta da wuyanta. Ɗaya hanyar kishiyar wannan ce: baƙin kwali a baya daidai faɗin hoton, haske na zagayowa ta gefensa, gefunan kwalbar su yi fari ƙal cikin duhu. A ganina wannan ta biyun ta fi dacewa da kaya masu tsada, amma ba ta yafe ƙura ko kaɗan.

Rubutun jikin kwalba yakan buƙaci nasa hasken daga gaba, wanda zai ɓata na gilashin. Maganin shi ne a kafe kyamara a kan ƙafafunta kada ta motsa ko da ƙiris, a ɗauki hoto ɗaya don gilashi, ɗaya don rubutu, ɗaya don murfi, a haɗa su daga baya. Kuma babu mai taɓa kwalba sai da safar hannu. Zanen yatsa guda da ido bai gani ba zai fito ɓaro-ɓaro a allo, ya ci wa mai gyara rabin awa. Ka nemi mai kaya ya kawo kwalabe da yawa, a zaɓi wadda takardarta ta zauna daidai.

Feshin kuwa ba ya fitowa sai da haske daga baya ko gefen baya, a kan bango mai duhu. Daga gaba ba za ka ga komai ba.

Mataki na biyar: saita kyamara da sauti

Hoton kaya ana ɗaukarsa da RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ISO, ma'aunin saurin kama haske, a ƙasa, ƙofar haske wajen f/8 zuwa f/11 don gaba da bayan kwalba su fito tas. Kada ka tsuke ta har f/22 da zaton za ta fi kaifi, daga wani mataki hoton laushi yake ƙarawa. Gilashin kyamara mai tsawon milimita 85 zuwa 100 ya fi, don mai faɗi yana kumbura abin da ke kusa da shi. Kafin ɗaukar farko, ka sa katin toka ko katin launuka a wurin kwalbar ka ɗauka, shi ne shaidarka a kan ainihin launi.

A bidiyo, saurin ƙiftawar kyamara yakan zama ninki biyu na yawan hotuna a daƙiƙa: in 25 ne, sai 1/50. A ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Turai da yawancin Afirka, 25 ko 50 ake zaɓa, a Amurka mai 60 kuwa 30 ko 60. Saɓa wannan shi ke jawo rawar haske da layuka masu yawo a hoto. Feshin turare ana ɗaukarsa da hoto 100 ko 120 a daƙiƙa don a rage masa gudu, kuma hakan na cin haske sosai, sai a tanadi ƙarin fitila tun a takarda.

In akwai magana, makirufon jikin kyamara ba ya wadatarwa. A maƙala ƙarami a ƙirji kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa, ko a rataya dogo ta sama. A ɗauka da 48 kHz, ƙarar ta riƙa tsayawa wajen -12 dB a ma'aunin ƙara na na'urar, kuma wani ya sa abin saurare a kunne daga farko har ƙarshe. Kafin a tashi, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30, da shi ake cike giɓi wajen tacewa.

Mataki na shida: ranar ɗauka

Ka haɗa kyamara da kwamfuta ta waya, da manhaja irin Capture One ko Lightroom, hoto ya riƙa faɗowa a babban allo. Mai kaya ya zauna a can, ba a bayan kafaɗarka ba, kuma mutum ɗaya ne daga ɓangarensu zai riƙa cewa ya yi ko bai yi ba. Kada a sauke saitin haske sai ya amince. A fara da ɗaukar da ba a iya rayuwa ba tare da ita ba, gwaje-gwajen fasaha su biyo baya in lokaci ya rage.

Allon da ake tafawa a gaban kyamara ba ado ba ne: lambar ɗauka yake nunawa, ƙarar tafin kuma ita ke haɗa sauti da hoto. Wani ya riƙa lura da daidaito, wane hannu ne ya ɗauki kwalbar, ina rubutunta ya fuskanta, ruwan ya ragu ko bai ragu ba bayan feshi goma. Kowace sandar fitila a danne ta da jakar yashi, kowace waya a manne ta a ƙasa. Fitilar da ta faɗo a kan mutum ta fi kowace asara.

Kafin kowa ya tafi gida a kwafe katunan. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya a wani wuri daban. Ba a goge kati sai an buɗe fayilolin an tabbatar suna aiki.

Mataki na bakwai: tacewa da miƙawa

A manhaja irin DaVinci Resolve ko Premiere Pro, a fara jera labari danye, a nuna wa mai kaya ya amince da tsari da tsawo, sannan a shiga launi da sauti. Wanda ya gyara launi kafin a kulle tsari zai yi aikin sau biyu. Launin ma hawa biyu ne: a fara daidaita shi da katin da aka ɗauka, sannan a ba shi yanayi.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Share ƙura da zanen yatsa halas ne, don ba sa cikin kayan. Amma canza launin turaren, ko ƙara wa kwalba girma, yaudarar mai saye ne, kuma ƙasashe da dama suna da dokokin da suka hana talla mai ɓatarwa. Ka ajiye kwalbar ta gaske kusa da allo kana dubawa. Kiɗa kuma sai mai lasisin da ya ƙunshi talla, in ba haka ba dandalin na iya kashe sautin ko sauke bidiyon bayan an riga an kashe kuɗin yaɗa shi.

Wajen fitarwa, hotunan intanet da tsarin launi na sRGB, na bugawa kuma ka tambayi maɗaba'ar irin tsarin launi na CMYK da take so. Bidiyo da tsarin launi na Rec.709, a fayil ɗin MP4 mai H.264. A sa rubutun magana a ƙasa saboda masu kallo ba sauti, amma a na tsaye a nisanta rubutu da tambari daga can sama da can ƙasa, inda maɓallan manhaja ke rufewa. Ka kalli aikin a waya mai araha, ba a babban allonka kaɗai ba, don a nan yawancin mutane za su gan shi. In mai kaya ya amince, amincewar ta zo a rubuce, sannan ka adana fayilolin asali tare da takardun sa hannu da ranar da izinin amfani da fuskar kowane mutum zai ƙare.