Mai tsohuwar Bobcat 753, ka duba akwatin sarƙa kafin ya ci maka kuɗi

'Yan uwa masu ƙaramar loda irin Bobcat 743 da 753, injin Kubota da ke cikinsu yana da juriya. Inda ɓarna ke ɓuya shi ne akwatin sarƙa, inda sarƙoƙin da ke juya tayoyi suke cikin mai, wanda ke ƙarƙashin ƙafafun direba.

Ruwan sama da na wanki suna shiga ta murfin da gasket ɗinsa ya mutu. Ajiye motar a wuri mai daidai, ka kwance toshiyar duba mai da ke gaban akwatin. Man ya kamata ya kai bakin ramin. In ka ga ya yi fari kamar madara, ruwa ne. Zubar da shi duka, ka kwashe laka da ɓurɓushin ƙarfen da suka kwanta a ƙasa, ka sauya gasket, sannan ka zuba sabo. In aka bar shi, sarƙa da boris na aksul za su yi tsatsa. In kuwa man yana ƙaruwa da kansa, sil ɗin moton haidrolik mai juya sarƙa ne ke yoyo ciki.

Ka ɗaga motar a jak, ka girgiza kowace taya. Ta yi wasa, boris ya tafi.

Fil-fil na hannun da ke ɗaga bokiti da na bokitin kansa suna son giris duk awa 10 na aiki. Lagireto da mai sanyaya man haidrolik kuma a hure su da iska, ƙura ce ke sa zafi.

Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin hannun da aka ɗaga sai an sa ƙarfen tokare. Tiyo ɗaya ya fashe, hannun zai faɗo nan take.